Kwando a Baranda: Zaman Wani Iyali na Kano a Alkahira

Ƙarfe bakwai na safe bai cika ba na ji ana buga ƙarfe a ƙasan benen, kwal, kwal, kwal, ba ƙaƙƙautawa. Na zabura daga barci ina tsammanin wani abu ya faru. Ƙanwata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Yaya, koma ka kwanta, mai gas ne." A Alkahira mai sayar da tukunyar gas ba ya wahalar da maƙogwaronsa. Sifana yake bugawa a jikin tukunya yana bin layi, wanda nasa ya ƙare ya leƙo ta taga ya yi masa magana.

Ba a jima ba na ga abin da ya fi wannan ba ni sha'awa. Ta fito baranda, ta ɗauki wani kwandon roba da aka ɗaure da doguwar igiya, ta sa kuɗi da 'yar takarda a ciki, ta zura shi daga hawa na biyar har ƙasa. Yaron shagon da ke gindin benen ya karanta, ya zuba mata gurasa da ƙwai da madara, ya sa canji, ya ja igiyar sau biyu. Ta jawo abinta. Benen da ƙafa ake hawansa, kuma duk barandar da na duba a layin akwai irin wannan kwando a rataye.

Na je wurinsu a ƙarshen watan Fabrairun 2024, na yi mako uku da 'yan kwanaki. Su kuwa a lokacin sun shekara ɗaya da 'yan watanni a garin. Mijinta, wanda duk muke ce wa Malam, yana karatun digiri na uku a fannin fiƙihu, kuma ya ƙi yarda ya bar iyalinsa a gida na tsawon shekaru kamar yadda da yawa ke yi. Suna zaune a Hayyul Ashir, wata unguwa a gefen Madinatu Nasr da ke gabashin birnin, inda ɗalibai 'yan Afirka suka yi yawa saboda haya ta fi sauƙi, kuma jami'ar Azhar ba ta da nisa. Yaransu uku ne: babbar mace mai shekara goma sha ɗaya, namiji mai takwas, sai Auta mai huɗu.

Na tafi da niyyar rubuta labarin ɗalibi a ƙasar ilimi. Kafin mako ya zagayo na gane cewa wanda ya fi zama a Alkahira a gidan nan ba Malam ba ne. Shi tsakanin laburare da wurin malaminsa yake, littattafan da yake karantawa kuwa ko a Kano zai iya buɗe su. Ƙanwata da yaran su ne suka shiga garin, garin ya shige su.

Abin da tukunya ta gano

Watanni ukun farko, in ji ta, kuka take yi a ɓoye. Sun sauka a bakin sanyi, kuma sanyin Alkahira ba irin hunturunmu ba ne da rana ke korarsa da hantsi. Daga Disamba zuwa Fabrairu gidajen siminti suna riƙe sanyi kamar randa, babu abin ɗumama ɗaki sai bargo da 'yar hita. Ba ta san kowa ba, ba ta jin harshen, kuma a gida ta saba da tsakar gida mai faɗi inda maƙwabciya za ta yi sallama ta shigo ba tare da sanarwa ba. Nan kuwa ƙofa a rufe, taga tana kallon bangon wani benen.

Kasuwa ce ta fara sakin ranta. Ranar da ta fara fita ita kaɗai ta tsaya gaban shagon mai kayan ƙamshi ta ga buhun zoɓo. Suna ce masa karkade, suna sha da zafi da sanyi. Kusa da shi ga tsamiya, ga goruba da aka farfasa wadda suke ce wa dom suna jiƙawa su sha, ga aya. Mai kayan miya yana da kuɓewa, sunanta bamiya a can. Miyar da Misirawa ke alfahari da ita, mulukiya, ba wata aba ba ce face lalo, sai dai su suna yanka ta ƙanana su soya mata tafarnuwa. Ta ce tana tsaye a wurin ta ji kamar ta haɗu da 'yan garinsu a tasha.

Daga nan ta shiga gwaji. Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, ba ta yin warawara yadda ake so a dafa-duka, amma a tuwon shinkafa ba ta da na biyu. Ta'amiyyar da ake soyawa a kowace kusurwa da safe ƙanwar ƙosai ce, sai dai da wani irin babban wake ake yin ta, a zuba ganye har cikinta ya yi kore. Gurasarsu kuwa, wadda suke kira aish baladi, duk wanda ya taso yana cin gurasar Kano zai gane ta tun daga ƙamshi. Kalmar aish ɗin ma ma'anarta rayuwa, kuma haka suka ɗauke ta: za ka ga yaro a kan keke ya ɗora faffaɗan katako a ka, gurasa jere a kai, yana ratsa motoci da hannu ɗaya.

Abin da babu shi babu shi. Kuka, daddawa, yajin ƙuli da manja sai an kawo daga gida. Duk wanda zai taso daga Kano ya san aikinsa. Ni ma rabin jakata kayan miya ne da Hajiya, kakar yaran, ta ɗaure da hannunta, ta rubuta sunan kowane a jikin leda. Ranar da na iso, ƙanwata ta raba daddawar gida huɗu, ta aika wa matan wasu ɗalibai uku, ɗaya daga Zinder, biyu daga Sakkwato. Haka suke yi wa juna. Wadda ta haihu su ne danginta, su ne masu dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa, su ne masu zaman suna.

Harshe biyu a gida ɗaya

Malam ya haddace Alfiyya tun yana saurayi, yana wa'azi da Larabci ba tare da tuntuɓe ba. Amma ranar da ya fara tambayar kuɗin tumatir da Larabcin littafi, mai tumatirin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Sadaƙallahul azim." Larabcin titi a Masar wani abu ne daban. Jimun suna mayar da shi ga, ƙafun kuwa haɗiye shi suke yi. E ita ce aiwa, gobe bukra, nawa ne bikam, sai kuma ma'alesh, wadda ke ɗaukar ma'anar yi haƙuri da ba komai da ƙaddara ce duk a lokaci guda.

Yaran ba su sha wannan wahalar ba. Wata shida suka yi a makaranta suka dawo suna faɗa da juna da harshen Misirawa. Yanzu ɗan shekara takwas ɗin ne tafintan gidan. Na ga ya tsaya gaban direban tuk-tuk, wato Keke Napep ɗinsu, yana ciniki yana kaɗa hannu kamar an haife shi a layin, ubansa mai shirin zama dakta yana tsaye a baya yana jira a gama.

Wannan abin yana sa ƙanwata dariya, yana kuma hana ta barci. Auta ba ya iya haɗa jimla uku da Hausa ba tare da ya tsoma Larabci ba. Idan Hajiya ta kira a waya ta ce, "Ina mijin nawa?" sai ya yi shiru yana kallon uwarsa, bai san wasan jika da kaka ba ne. Saboda haka ta kafa doka: daga an yi sallar magariba ba a magana a gidan sai da Hausa. Bayan isha'i tana yi musu tatsuniya, ta fara da gatanan gatananku, ba ta ci gaba sai sun amsa. Na zauna a wannan zaman dare da yawa. Ina ganin babu aikin da ake yi a gidan da ya fi shi nauyi, har da kundin da Malam ke rubutawa.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Baƙar fata a titin Alkahira tana jin magana. Wasu samari da yara kan yi wa mutum kirari da launinsa, su kira shi cakulan ko wani abu makamancin haka. Babbar yarinyar ta taɓa dawowa daga makaranta ta shige banɗaki ta daɗe tana wanke fuska. Uwar ta ce ranar ce kaɗai ta ce wa Malam su tattara su koma. Amma a benen nan dai akwai wata tsohuwa Bamisiriya a hawa na uku da ta ji labarin, ta sa mayafinta ta raka yarinyar har ƙofar makaranta kwana uku a jere, tana riƙe da hannunta tana ce wa duk wanda suka haɗu da shi jikarta ce. Duka biyun gaskiya ne, kuma a layi ɗaya suka faru.

Lissafin da ba ya tsayawa

Ina can ranar 6 ga Maris gwamnatin Masar ta saki fam ɗinta. Da safe dala tana kusan fam 31 a banki, kafin yamma ta doshi 50. Kuɗin Malam kuwa da naira suke zuwa, nairar da ita ma ta faɗo daga wajen 460 a kowace dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Iyalin suna tsaye ne a kan ƙasa biyu, kowacce tana zaftarewa. Tsadar kaya a Masar a lokacin ta haura kashi 30 cikin ɗari, sukari ma sai an bi layi. Gurasar da gwamnati ke tallafa wa ta masu katin 'yan ƙasa ce, baƙo ta kasuwa yake saye.

Haya ma ta tashi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako Masar, dillalai suka ga kasuwa. Ƙanwata ba ta ɗora laifin a kan waɗanda suka gudo. Ta tuna kwanakin da ɗalibanmu na Khartoum suka yi cirko-cirko a kan iyaka kafin a kwashe su ta Aswan zuwa Abuja, yadda kowane gidan ɗalibi a unguwar yake riƙe da waya ana neman labarin ɗan wane da 'yar wane. Ga kuma takardar izinin zama da ake sabuntawa: sammako, dogon layi, a ce hatimi ɗaya ya rage, a dawo bukra. Mutum biyar, fasfo biyar. Malam yana da wata jaka ta musamman da ba a taɓa ta sai wannan rana.

Ranar Asabar

Hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar, Lahadi kowa ya koma aiki. Ƙanwata ce ta ce ko da kuɗi ko babu, duk Asabar sai an fita. Ta ce wa mijinta, "Malam, kai ka zo karatu, mu kuma ba mu zo tsaron ɗaki ba." Ya yarda. Suna dafa abinci su zuba a kula, su hau ƙaramar bas zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1987, na farko a nahiyar Afirka. Akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgin, nan take shiga da 'yarta, maza su shiga na kusa, a haɗu a tashar sauka.

Dalar Giza suka kai ni Asabar ta farko. Babbar, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500 a tsaye, tsayinta na asali mita 146, an jera ta da duwatsu sama da miliyan biyu. Hoto ba ya faɗin gaskiyarta. Sai ka tsaya a gindinta ka ga dutse ɗaya ya kai ƙirjinka, ka ɗaga kai hularka ta nemi faɗuwa. Yaron ya tambaye ni, "Kawu, wai da gaske a Kano ma akwai dala?" Na ba shi labarin dalar gyaɗa da kakansa ya gani da idonsa, buhu a kan buhu a bakin layin dogo, da Dutsen Dala da ke tsakiyar birni. Ya ce to me ya sa tamu ta tafi tasu ta zauna. Na ce tamu ta sayarwa ce. Masu raƙuma sun yi ta bin mu, ƙanwata ta sallame su da kalma biyu. Kuɗin shiga na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, shi ya sa sau biyu kacal suka taɓa zuwa.

Gidan tarihin da ke Fustat ya fi taɓa ni. Can aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021, cikin jerin gwano da duniya ta kalla. Ana sauka ƙasa zuwa wani zaure mai duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Ga Ramsis na biyu, wanda ya yi mulki shekara 66, kwance cikin gilashi, gashin kansa yana nan, farcensa yana nan. Masana ba su haɗu a kan wane ne Fir'aunan Annabi Musa ba, Malam ya ja kunnen yaran a kan haka kafin mu shiga. Duk da haka babu wanda ya fito yana surutu. Babbar yarinyar ta riƙe hannun uwarta har muka hau sama.

Amma fitar da Malam ya fi so, wadda ni ma na fi so, ba ta da tikiti. Tsohon birni ne. An kafa Alkahira a 969, aka buɗe masallacin Azhar a 972. Muka cire takalma muka zauna a farfajiyarsa mai farin dutse, ɗalibai daga Indonesiya da Senegal da Chadi suna zaune ƙungiya-ƙungiya. A nan Malam ya canza, muryarsa ta yi ƙasa. Ya nuna wa yaran cewa a cikin masaukan ɗalibai na wannan masallaci akwai wanda ake kira da sunan mutanen Barno, kuma tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa makaranta da masauki a Fustat domin mutanensu masu zuwa karatu da masu wucewa hajji. Mansa Musa na Mali ya yada zango a garin a 1324. Wani malamin Katsina, Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari da hatimai, ya zauna a nan ya koyar, ya rasu a 1741 a gidan mahaifin shahararren marubucin tarihin nan al-Jabarti.

Daga nan muka gangara maƙabartar Ƙarafa, muka yi ziyara a hubbaren Imamu Shafi'i, muka nemi na Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Shi ne ya kammala tafsirin Jalalaini da malaminsa Mahalli ya fara, littafin da ake buɗewa a masallatan ƙasar Hausa duk watan azumi. Shi ne kuma ya rubuta wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Mai Muhtasar, Shehu Halil, shi ma ɗan garin ne. Ƙanwata, wadda ta yi shekaru tana jin waɗannan sunaye daga bakin mahaifinmu a zaure, ta tsaya ta yi addu'a ta daɗe. Da muka fito ta ce da ni, "Yaya, da Baba yana da rai ya ga wannan." Ba mu ƙara magana ba har muka isa titi.

Sauran wuraren na bi su da sauri: hasumiyar masallacin Ibn Tulun mai matakala a waje tana nannaɗe, ganuwar Salahuddin da aka fara a 1176 inda ake hango birnin gaba ɗaya cikin ƙura, kasuwar Khan Halili inda ake faɗa maka kuɗi ninki uku. Yaran dai sun fi son lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005 a kan wani juji mai ɗaruruwan shekaru, saboda can ne kaɗai suke samun ciyawar da za su yi birgima. Sun taɓa zuwa Iskandariyya a jirgin ƙasa, tafiyar kusan awa uku, suka ga teku karon farko, suka ziyarci kabarin Busiri mai Burda.

Azumi

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Kwana biyu kafin nan layin ya sauya kama. Samari suka ja igiyoyi daga baranda zuwa baranda, suka rataya takardu masu launi da fitilun da ake kira fanus, kowane yaro da tasa a hannu. Da la'asar ana jera tebura a bakin titi, ma'idatur Rahman, duk wanda magariba ta riska ya zauna ya ci, ba a tambayarsa daga ina yake. Garin da ba ya yin shiru dare da rana sai ya yi tsit na minti ashirin bayan an buga igwar shan ruwa. Idan kana cikin mota a lokacin, wani zai miƙo maka dabino da ruwan tsamiya ta taga ya wuce.

Tsohuwar hawa na uku ta aiko da faranti na kunafa. Ƙanwata ta mayar da farantin da ƙosai da kofin kunun tsamiya na gero, daga ɗan geron da na kawo. Washegari tsohuwar ta hau bene biyu da sandarta ta zo tambayar yadda ake yin kunun. Na ji su a kicin, ɗaya da guntun Larabci, ɗaya da hannu da dariya, yaron yana tsakiya yana fassara. Da asuba mai ganga ya bi layi yana tashin mutane sahur yana kiran sunayen yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya. Auta ya ƙi barci sai ya ji nasa.

Na tambayi ƙanwata daren da zan taho abin da ta fi kewa. Na zaci za ta ce Hajiya, ko biki, ko tsakar gida. Ta ce damina. A Alkahira shekara takan wuce ba a yi ruwan da zai jiƙa ƙasa sosai ba, sai yayyafi a lokacin sanyi, sai kuma iskar hamsin mai zafi da ƙura idan bazara ta gabato. Garin Nilu yake sha, ba ya kallon sama. Babu hadari ya haɗo daga gabas, babu guguwar da ke sa a ruga a kwashe shanya, babu ƙamshin ƙasa. Auta bai kai shekara uku ba suka taho, bai san tsawa ba.

A watan Yuni, daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi a Kano, na kira ta. Ta ce kada in ce komai, in fita baranda in miƙa wayar waje. Na tsaya a bakin rumfa ruwa yana dukan kwano, indararo yana zuba, ina jin ta a can tana kiran yaran su taso. Aka yi wata tsawa mai tsawo. Sai na ji ƙaramar murya tana tambaya, da Hausa tsantsa, "Umma, mene ne wannan?"